Wa ke gwada mai gwaji? Yadda ake auna gwaje-gwajen manhaja da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, Claude, Gemini da GitHub Copilot sun shiga aikin yau da kullum na masu rubuta manhaja, tun daga manyan kamfanonin Amurka har zuwa matasan da ke haɗa ƙananan manhajojin lissafin shago ko na adashe a Garwa, Njamena, Kumasi da Kwatano. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi miƙa musu shi ne rubuta ƙananan gwaje-gwajen da ke tabbatar da cewa kowane sashe na manhaja yana yin abin da aka gina shi domin ya yi. Aiki ne mai cin lokaci da gajiyarwa ga mutum, amma injin yana gama shi cikin daƙiƙoƙi.

Tun daga shekarar 2023 masu bincike a jami'o'i da kamfanoni suka duƙufa kan tambaya guda: shin gwaje-gwajen da injin ke rubutawa suna kama kuskure kuwa? Sakamakon da aka wallafa ya nuna cewa amsar ta danganta da mudun da aka auna da shi. Akwai mudun da ke nuna injin a matsayin gwani, akwai kuma wanda ke tona masa asiri.

Mene ne gwajin sashe?

Kowace manhaja an gina ta ne da ƙananan sassa, kowanne da aikinsa. Wannan ya lissafa kuɗi, wancan ya duba lambar waya, wani kuma ya tsara kwanan wata. Gwajin sashe, wanda masu aiki da Faransanci suka sani da test unitaire, ɗan gajeren rubutu ne da ke kiran sashe guda, ya ba shi wani abu, sannan ya kwatanta amsar da ta fito da amsar da ake tsammani.

Ga misali daga kasuwa. A ƙasashen sefa, Bahaushe da dala yake ƙidaya kuɗi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. A ce akwai sashen manhaja da ke juya sefa zuwa dala. Gwajin zai ba shi 500, ya jira ya ga dala 100. Ya ba shi 1,000, ya jira dala 200, wato jaka guda. Idan amsar ta dace, an ce gwajin ya wuce, allo ya nuna kore. Idan ta saɓa, gwajin ya faɗi, allo ya nuna ja.

Amfanin wannan yana fitowa ne daga baya. Duk lokacin da wani ya taɓa rubutun manhajar, ana sake tafiyar da gwaje-gwajen gaba ɗaya, kuma idan gyaran yau ya ɓata aikin bara, jan launi zai bayyana tun kafin manhajar ta isa hannun jama'a. Kent Beck da Erich Gamma ne suka samar da JUnit a 1997, kayan aikin da ya yaɗa wannan ɗabi'a tsakanin masu rubutu da yaren Java. Masu Python kuma sun fi amfani da pytest.

Abin da ke cikin hatsari idan lissafi ya karkace ba ƙarami ba ne. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da fiye da mutum 900 masu riƙe da rassan gidan waya bisa zargin sata ko almundahana, saboda manhajar lissafi mai suna Horizon ta nuna giɓin kuɗi a asusunsu. A 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na ɗauke da kurakurai. Kafin nan wasu sun sha ɗauri, wasu sun rasa gidajensu. Duk mai shagon tura kuɗi ta waya ya san abin da zai faru da shi idan allo ya ce akwai giɓi alhali aljihunsa bai gani ba.

Neman injin da zai rubuta gwaji da kansa ya girmi ChatGPT. An fito da Randoop a 2007, sai EvoSuite a 2011, kuma dukansu suna ƙirƙiro gwaje-gwaje ta hanyar jarraba ɗimbin shigarwa. Matsalarsu ita ce abin da suke fitarwa yana da wuyar karantawa. Manhajojin harshe na yanzu kuwa suna rubutu tsaf kamar na ƙwararren injiniya, da sunaye masu ma'ana da bayani a gefe. Wannan kyan fasalin ne ke sa mutum ya saki jiki, shi ya sa ake buƙatar ma'aunin da bai dogara da kallon ido ba.

Mudu na farko: ya tashi, ya wuce?

Tambaya ta farko mai sauƙi ce. Shin kwamfuta za ta iya tafiyar da gwajin ma tukuna? Sau da yawa injin yakan kira wani sashe da babu shi, ko ya yi amfani da sunan da ya ƙirƙiro da kansa, sai rubutun ya ƙi tashi.

A 2023 masu bincike na Jami'ar Fudan da ke Shanghai sun ba ChatGPT na wancan lokacin sassa 1,000 na Java. Kashi 24.8 cikin 100 na gwaje-gwajen ne kawai suka tashi kuma suka wuce. Kashi 57.9 ba su ma tashi ba, sauran kashi 17.3 sun tashi amma sun faɗi. Sun kuma nuna cewa idan aka mayar wa injin saƙon kuskuren aka ce ya gyara, adadin masu wucewa yana ƙaruwa sosai.

Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya wallafa nasa ƙwarewar a watan Fabrairun 2024. Ya gina wani tsari mai suna TestGen-LLM da ke tace duk gwajin da injin ya kawo ta rariya uku. A gwajin da aka yi kan sassan Reels da Stories na Instagram, kashi 75 cikin 100 sun tashi, kashi 57 sun wuce a kowane maimaici, kashi 25 ne kawai suka ƙara wani abu a kan gwaje-gwajen da ake da su. Rariya ta biyu tana da muhimmanci, domin akwai gwaji mai fuska biyu, yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an canza komai ba, galibi saboda ya dogara da agogo ko da intanet. Irin wannan yana sa ma'aikata su daina kula da jan launi, ranar da kuskure na gaske ya zo kuma su yi watsi da shi.

Injinan sun ci gaba tun daga lokacin, kuma alƙaluman yau sun fi na 2023 kyau. Sai dai darasin bai canza ba. Wucewar gwaji tana nufin gwajin da manhajar sun yi baki ɗaya ne kawai, ko da kuwa dukansu biyun a kan kuskure suke.

Mudu na biyu: layi nawa ya taka?

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne yawan layukan manhaja da gwaje-gwajen suka ratsa, abin da Faransawa ke kira couverture de code. Idan sashe yana da layi 100, gwaje-gwajen suka bi ta kan 70, an ce sun taka kashi 70. Akwai kuma ma'auni mai tsauri da ke ƙirga rassa, wato duk inda manhaja ta zo mararraba ta "idan kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza", a duba ko an bi hanyoyin biyu.

Masu bincike daga GitHub da wasu jami'o'i sun gwada wani tsari mai suna TestPilot a kan ƙunshin JavaScript guda 25. Da injin GPT-3.5, matsakaicin abin da aka taka ya kai kashi 70.2 na layuka da kashi 52.8 na rassa. Tsohon kayan aikin da aka kwatanta da shi, Nessie, ya tsaya a kashi 51.3 da 25.6. A 2024 kuma aka fito da wata jarrabawa mai suna TestGenEval, wadda aka haɗa daga manyan ayyukan Python guda 11 da ake amfani da su a zahiri. A can injin da ya fi kowa a lokacin, GPT-4o, kashi 35.2 kawai ya taka. Girman manhaja da yadda sassanta ke sarƙe da juna ne suka kawo bambancin.

Amma ko da an taka kashi 100, ba a gama ba. A ce wata ƙungiyar adashe ta sa doka cewa duk wanda ya cire kuɗin da bai wuce sefa 5,000 ba zai biya ladan 100, wanda ya cire fiye da haka zai biya 250. Injin ya rubuta gwaji biyu, ɗaya da 3,000, ɗaya da 8,000. Dukansu sun wuce, an taka kowane layi, an bi kowane reshe. To amma idan mai rubutun ya yi kuskure ya sa "ƙasa da 5,000" a maimakon "5,000 ko ƙasa", duk wanda ya cire 5,000 cif za a caje shi 250. Gwaje-gwajen biyu ba za su taɓa ganin wannan ba, alhali 5,000 cif na daga cikin adadin da mutane suka fi cirewa.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Gwaji zai iya kiran sashe, ya taka dukan layukansa, sannan bai duba amsar ba sam, ko ya duba cewa "wani abu ya fito" kawai. Tun a 2014 Laura Inozemtseva da Reid Holmes na Jami'ar Waterloo a Kanada suka nuna cewa, idan aka cire tasirin yawan gwaje-gwaje, alaƙar da ke tsakanin taka layuka da kama kuskure ba ta da ƙarfi. Ma'aunin yana da amfani wajen nuna wuraren da ba a gwada ba. Game da wuraren da aka gwada kuwa, ba ya faɗin ko an gwada su da kyau.

Mudu na uku: a dasa kuskure a gani

Hanyar sanin ko mai gadi yana barci ita ce a aika wani ya haura katanga. Wannan ce hikimar gwajin dasa kuskure. Richard Lipton ya kawo shawarar a 1971 yana ɗalibi, sannan shi da Richard DeMillo da Frederick Sayward suka wallafa ta a 1978.

Ana ɗaukar manhaja mai lafiya, a yi mata ɗan ƙaramin rauni da gangan. A mayar da tarawa ta zama ɗebewa, a canza "ko ƙasa" zuwa "ƙasa", a goge layi guda. Kowane irin wannan kwafi mai rauni sai a tafiyar da gwaje-gwajen a kansa. Idan aƙalla gwaji ɗaya ya faɗi, an kama ɓarawon. Idan duka suka wuce, kuskuren ya tsira, kuma an gano rami a shingen. Makin shi ne kaso nawa aka kama daga cikin waɗanda aka dasa.

A misalin adashe, gwajin 3,000 da na 8,000 za su bar kuskuren iyaka ya tsira. Sai an ƙara gwaji da 5,000 cif kafin a kama shi. Wannan ma'aunin yana tilasta wa injin ya yi tunanin bakin iyaka, inda yawancin kurakurai ke ɓuya: sifili, adadi maras kyau, fanko, ranar 29 ga Fabrairu.

A 2014 René Just da abokan aikinsa sun kwatanta kurakuran dasawa da kurakurai na gaske guda 357, suka gano cewa gwajin da ke kama na dasawa ya fi yiwuwa ya kama na gaske, kuma kusan kashi 73 na kurakuran gasken suna da ɗan uwa a cikin na dasawa. Hanyar tana da tsada, domin kowane kwafi sai an tafiyar da gwaje-gwaje a kansa, kuma wasu canje-canjen ba sa sauya halin manhajar ko kaɗan, don haka babu gwajin da zai iya kama su. Duk da haka kayan aiki kyauta suna nan, PIT ga Java, mutmut ga Python, Stryker ga JavaScript. A 2025 Meta ta bayyana cewa ta juya lamarin, tana sa injin ya fara ƙirƙiro kuskuren da ake tsoro, sannan ya rubuta gwajin da zai kama shi.

Mudu na huɗu: kurakuran da suka taɓa faruwa

Mafi kusa da gaskiya shi ne a gwada injin da kuskuren da mutane suka taɓa yi. Tarin Defects4J, wanda aka fara a 2014 da waɗancan kurakurai 357 kuma yanzu ya haura 800, yana ajiye kowace manhaja a siffa biyu, kafin gyara da bayan gyara. Gwaji mai kyau dole ya faɗi a kan ta farko, ya wuce a kan ta biyu. Jarrabawar SWT-Bench ta 2024, wadda masu bincike a birnin Zurich suka haɗa, tana bin wannan ƙa'ida da ƙorafe-ƙorafen da masu amfani suka rubuta a GitHub. Ana ba injin ƙorafin, a ce ya rubuta gwajin da zai nuna matsalar.

Nan ma akwai tarko. Waɗannan tarin a fili suke a intanet shekara da shekaru, kuma da rubutun intanet ake horar da injinan. Ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun kafin ranar zai ci, amma cin nasa bai nuna iliminsa ba. Wani bincike da Mohammed Latif Siddiq da Joanna Santos na Jami'ar Notre Dame suka jagoranta a 2023 ya nuna irin tazarar da ake iya samu. A kan HumanEval, tarin ƙananan tambayoyi 164 da OpenAI ta fitar a 2021, injin Codex ya taka fiye da kashi 80. A kan SF110, tarin ayyukan Java na zahiri guda 110, babu injin da ya wuce kashi 2. Shi ya sa masu auna injina suke ƙoƙarin amfani da manhajojin da aka rubuta bayan an gama horar da injin.

Wa ya san amsar daidai?

Babbar matsalar ita ce wadda babu mudun da ke warware ta shi kaɗai. Kowane gwaji yana ɗauke da hukunci: amsar daidai ita ce kaza. Daga ina injin zai samo wannan hukuncin? Idan rubutun manhajar kawai aka ba shi, daga rubutun zai ciro shi. Idan sashen yana raba sefa da 50 a maimakon 5, injin zai iya rubuta gwajin da ke cewa 500 dala 10 ce. Gwajin zai wuce, ya taka kowane layi, har ya kama kurakuran dasawa. Kuskuren ya samu shaida kenan, kuma ranar da wani ya gyara shi, gwajin ne zai yi ja ya ce gyaran ne laifi.

A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana ba da alƙaluma da ma'aunin fam na Ingila, wata kuma tana karɓarsu a matsayin ma'aunin newton. Kowace tana lissafi daidai bisa fahimtarta. Abin da ya ɓace shi ne yarjejeniya kan abin da lambar ke nufi.

Ga masu rubuta manhaja a yankin da Hausawa ke zaune, wannan matsala ta kusa ce. Injin da ya ga kalmar dala zai fi karkata ga kuɗin Amurka. Sefar Nijar da Benin ta bankin BCEAO ce, sefar Kamaru da Chadi ta bankin BEAC ce. Darajarsu ɗaya a kan yuro, 655.957, amma kuɗi biyu ne daban, kuma takardar wannan ba ta shiga kasuwar wancan kai tsaye. A Ghana an sauya kuɗi a 2007, tsohon sidi 10,000 ya zama sabo guda, amma har yau akwai masu faɗin farashi da tsohon lissafi. Lambobin waya sun koma tara a Kamaru a 2014, goma a Côte d'Ivoire a 2021, goma a Benin a ƙarshen Nuwamban 2024. Injin da aka horar kafin wannan rana zai iya rubuta gwajin da ke nanata cewa lambar Benin takwas ce. Sunaye masu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su ma sukan lalace wajen bincike ko jerawa, kuma injin ba zai gwada su ba sai an ce ya gwada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ƙaramar tawaga za ta iya yi

Ba sai kamfani ya kai girman Meta ba kafin ya auna abin da injin ya kawo masa. Mataki na farko shi ne a ba injin bayanin abin da sashen ya kamata ya yi, a rubuce, da misalai daga ainihin kasuwa, domin hukuncinsa ya fito daga doka ba daga rubutun da ake zargi ba. Idan da hali a ɓoye masa rubutun sashen gaba ɗaya, a nuna masa sunansa da bayaninsa kawai.

Na biyu, a tafiyar da kowane gwaji sau da yawa, a zubar da masu fuska biyu. Na uku, kada a yi saurin goge gwajin da ya faɗi. Wani lokaci injin ne ya yi kuskure, wani lokaci kuma manhajar ce, kuma tsarin da ke ajiye masu wucewa kaɗai yana zubar da gwajin da ya fi kowanne daraja.

Na huɗu, a dasa kuskure. Ko babu kayan aiki, mutum zai iya canza alama ɗaya da hannu, ya ga ko wani abu ya yi ja. Na biyar, duk kuskuren da abokin ciniki ya taɓa kawo ƙorafi a kansa a ajiye shi, a mayar da shi jarrabawar cikin gida. Wannan ita ce takardar da babu injin da ya taɓa gani.

A gwajin da Meta ta yi da injiniyoyinta, sun karɓi kashi 73 cikin 100 na shawarwarin TestGen-LLM suka sa su a aiki. Wannan bayan an riga an tace su ta rariya uku ne, kuma duk da haka mutane sun mayar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Injin yana rage wahalar rubutu ƙwarai, kuma yakan tuno da yanayin da mutum ya manta. Layin da ke cewa sefa 500 dala 100 ce kuwa, har yanzu sai wanda ya san kasuwar ya karanta shi ya amince kafin a dogara da koren allo.